Shawarwarin da aka bayar kan koya wa yara karatu a firamaren gwamnati a Garwa, Kamaru

Jama'a, ga abin da na tattara:

1. Kusan kowa ya ce cunkoso ne tushen matsalar. Ajin SIL, wato aji ɗaya, maƙil, na baya ko allo ba sa hangowa. A raba ajin.
2. A fara da sautin harafi da haɗa gaɓa, ba haddar jimla ba. Wallahi akwai ciwo ka ga ɗan CE1, wato aji uku, yana rera shafi da ka, ka ɗora yatsa kan kalma ɗaya ya yi tsit.
3. Malaman da iyaye ke biya, a riƙa ba su haƙƙinsu kan lokaci.
4. Kan harshe aka rabu. Wasu na son a soma da Fulatanci ko Hausa, wasu sun ce CEP, jarrabawar kammala firamare, da Faransanci ake rubuta ta. Ni ina tare da na farko.