Ƙirga allurar da ta fita ya isa a san wa ya yi rigakafin mura?

Malam Haruna, Garwa (Kamaru): Ni dai na ce ba sai an wahalar da kai da fom ba. Allura nawa ta shigo sito, nawa ta rage, a debe. Abin da ya fita shi ne adadin waɗanda aka yi wa. Shike nan.

Hajiya Dije, Marwa: Malam, wannan lissafin ɗan tireda ne, ba na asibiti ba. Allurar mura tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. A ɗauke wuta kwana biyu a zafin Afrilu na Garwa, ko a jingina ta da ƙanƙara cikin akwatin sanyi ta daskare, sai zubarwa. Ta fita daga sito, amma ba ta shiga damtsen kowa ba. Ga kuma yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 8 da bai taɓa yi ba, biyu ake yi masa, mako 4 tsakani. Kai ka rubuta mutum biyu, alhali ɗa ɗaya ne.

Malam Haruna: Yara na yarda. Amma ma'aikatan lafiya fa? Kowa guda ɗaya, rabin mililita, an gama.

Dakta Bello, Ngaundere: A nan ma matsalar ba a saman lissafin take ba, tana ƙasa: kashi nawa cikin su wa? In ka ɗauko jerin masu albashi kawai, ka bar masu shara, masu gadi, ɗalibai 'yan koyon aiki da 'yan kwantiragi, su kuwa suna cikin ɗakin majinyata kullum. A ce asibiti na da mutum 120 a jerin albashi, an yi wa 60, ka sanar da kashi 50. In masu shiga ɗakin a zahiri 200 ne, kashi 30 ke nan. Abin da ya dace: jerin sunaye guda, kowa da layinsa, ranar allura da lambar rukunin maganin. Sannan gida biyar: an yi nan, an yi wani wuri da kati a hannu, ya ƙi, likita ya hana, ba a sani ba. Wannan na ƙarshen shi ke tona asirin mai rajista.

Hajiya Dije: Kada kuma a dogara da baki. Ka tambayi tsohuwa ko an yi mata allurar mura, ta ce ƙwarai kuwa, ashe ta korona take nufi, ko ta sanƙarau. A yaren gida ma kowace majina mura ce.

Malam Haruna: To jama'ar gari fa? Ai allurar ba ta cikin jerin rigakafin yara na kyauta, a famasi mai hali ke saya. Wa zai ba ku rajista? Can dole ku koma ƙirgen nawa.

Dakta Bello: Nan kam ka kama mu, Malam. Cinikin famasi yana nuna ko kasuwa ta ɗaga ko ta faɗi, amma bai faɗa maka ko mai ciki ce, ko mai ciwon suga, ko tsoho. Sai an zaɓi unguwanni da ƙuri'a, a bi gida-gida, a nemi kati. Kuma kada a haɗa wannan da aikin cibiyar gwaje-gwajen cututtuka ta Centre Pasteur, su samfurin hanci suke gwadawa don gano nau'in ƙwayar da ke yawo.

Hajiya Dije: Gida-gidan ma a Mokolo, da 'yan gudun hijira ke shiga da fita sansanin Minawao, wane adadin jama'a za ka raba da shi, Dakta?