Sulobeniya a ƙarshen Maris da iyali: mu tafi ko mu jira Mayu?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a Budapest, iyalina na tare da ni da 'yarmu mai shekara biyu da rabi. Na samu kwana huɗu a makon ƙarshe na Maris, kuma maman yarinyar tun zuwanta daga gida sai kanti, ba ta leƙa ko'ina ba. Hankalinmu ya kwanta da Sulobeniya saboda maƙwabciyar Hungari ce, katin zamanmu ya isa, ba sai biza ba. Ba mu da mota, ba kuma za mu yi haya ba. Waɗanda suka je a irin wannan lokacin, sanyin zai bar yarinya ta fita? A Lubliyana, babban birnin ƙasar, za mu kwana ko a Bled, garin da ke bakin tafki? Jirgin ƙasa ko bas? In asarar kuɗi ce ku faɗa min gaskiya mu jira Mayu, ko da yake a Mayu ina tsakiyar rubutun kammalawa.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ƙara kuɗi kaɗan ku tafi Santambul kawai. Ga abinci, ga masallatai, ga kiran salla.

Maman Sadiq:
Ai ya ce ba ya son zancen biza. Baban Ilham, mun je da yara biyu a Yuli, wallahi Bled kamar an zana. Tafkin ka zagaye shi da ƙafa, kilomita shida ne, keken yara na tafiya lafiya. Kada ku bar Vintgar, kwazazzabon da aka yi wa gadojin katako a kan ruwa.

Ɗan Fagge:
Ɗan'uwa, ka saurare ni, ni a Maris na je. Mu huɗu muka yi karo-karo muka ɗauki hayar mota daga Budapest. Mun biya masauki a Bovec don mu ga kogin Soča, wanda ruwansa kore ne shar. Taswirar waya ta ce mu bi ta mashigar Vršič, hanyar da ke haye duwatsu. Muka wuce Kranjska Gora muka fara hawa, lanƙwasa bayan lanƙwasa, sai ga shinge a gabanmu, hanya a rufe, bayan shingen dusar ƙanƙara har gwiwa. A ƙasa kuwa rana ake yi, har furanni sun fara fitowa a bakin hanya. Muka juya da ƙyar, muka zagaya ta Tarvisio a Italiya muka sake shigowa ta mashigar Predel. Kafin mu isa dare ya raba, mai masaukin ya kulle ya kashe waya. A mota muka kwana, muna kunna inji muna kashewa saboda mai. Da asuba ruwan gorar alwala ma ba ya taɓuwa.

Ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Ashe kuɗin babbar hanya da ke kan motar na Hungari ne kawai, Sulobeniya na da nata daban, ana ce masa binyet, ta intanet ake saya da lambar mota, kuma kamfanin hayar bai ce mana komai ba. Bayan makonni sai ga tara, kamfanin ya zare daga katina har da ladan kansa. Na tura wa abokan tafiya lissafi, ɗaya ya biya, biyu suka ce ai ni ne direba. Ɗayansu ɗakinmu ɗaya a lokacin. Har yau sai dai gaisuwa a masallaci.

Bazazzagi:
Innalillahi. Nawa suka cire?

Ɗan Fagge:
Gaba ɗaya ya haura yuro 300. Binyet ɗin mako guda kuwa yuro 15 ne.

Injiniya Graz:
Daga baya ya koma 16. Kuma Malam, ka yi haƙuri, amma ba a bin Vršič a Maris sai an duba. Tsayinta mita 1,611 ne, lanƙwasa hamsin gare ta. Fursunonin yaƙi 'yan Rasha ne suka gina ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a watan Maris ɗin 1916 ne dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne da yawansu. Ɗan cocin katakon da ke gefen hanyar don tunawa da su aka yi. Hanyar da ke da wannan tarihin ba za a buɗe ta don ganin furanni a ƙasa ba. Maman Sadiq kuma, Vintgar rufe shi ake yi duk hunturu, sai wajen Afrilu ake buɗewa. Wanda ya je a Yuli wata ƙasa ya gani daban.

Maman Sadiq:
To Injiniya, kai da yara ka je? Ni na san abin da ake ciki in yarinya ta jiƙe wando a tasha. Ba sai mai zama a bakin iyaka ne kawai zai yi magana ba.

Injiniya Graz:
Hajiya, ban raina maganarki ba. Shekarata shida a nan Graz ta Ostiriya, daga gidana zuwa Maribor ta Sulobeniya awa ɗaya ne a mota. Watan da ya tambaya nake magana a kai.

Bakatsine:
Ku bar musun nan, akwai babbar magana. A tsibirin Bled akwai matakala 99, al'adarsu ango ya ɗauki amarya ya haura da ita har sama. Baban Ilham, ka fara motsa jiki tun yau, kada ka ba mu kunya a gaban Turawa.

Bazazzagi:
In Bakano ne sai ya nemi ragi, a bar masa a hamsin.

Yaya Hauwa:
Allah ya shirye ku. Ƙanina, ni a farkon Afrilu na je, daga Debrecen ta Hungari. Lubliyana ku kwana. Ƙaramin gari ne, tsakiyarsa ba a shiga da mota, yarinya za ta yi gudunta a bakin kogi. Masallacin da aka buɗe a 2020, na farko a birnin, ana zuwa da ƙafa daga tashar jirgi, fari tas, akwai wajen mata mai kyau. A nan wata dattijuwa 'yar Bosniya ta kama hannuna ta nuna min inda ake sayar da nama mai halal, ba ma jin yaren juna. Ka riƙe kalmar svinjina, naman alade ke nan, ka duba ta a jikin komai, don tsiran da suke alfahari da shi na Kranj da alade ake yi. Burek, wani gasasshen abincin fulawa mai cuku a ciki, ya rufa mana asiri. Kuma ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, madara da kunzugun yarinya ku saya tun Asabar. Bled da safe za ku je a bas ku dawo da yamma, awa ɗaya da 'yan mintoci ne. Ranar da aka tashi da ruwa ku tafi kogon Postojna, cikinsa kullum wajen digiri 10 ne, rani da hunturu, har jirgin ƙasa ake shiga a ciki.

Maman Sadiq:
Postojna tsada. Mun biya kusan yuro 30 kowa. Kwalekwalen tsibirin kuma 15.

Yaya Hauwa:
Ni 18 na biya kwalekwale.

Bakatsine:
20 ne, ina da hoton allon.

Ɗan Fagge:
Ko nawa ne, kada ka ɗauki mota. In kuma ka ɗauka, kowa ya ba da kuɗinsa tun kafin a tashi.

Yaya Hauwa:
Ya faɗa tun farko ba zai ɗauka ba, kuma da matarsa zai tafi. Abin da ban ga an faɗa ba, ku tafi da fasfo, ba katin zama kaɗai ba. A Oktoban 2023 Sulobeniya ta dawo da duba takardu a iyakarta da Hungari, ana iya tsayar da bas a hau a duba. Na yarinyar ma.

Abu Ammar:
Ku da kuke cikin Shengen, ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ku gode wa Allah. Ni mahaifiyata nake son kawowa ta ga jikanta tun bara. Kuɗin biza ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024, ga kuɗin masu karɓar takardu, ga inshora, ga motar Gusau zuwa Abuja da kwanan otal. Sau biyu ana hana ta, wai ba su gamsu za ta koma ba. Tsohuwa mai shekara 67 da awakinta da jikoki goma sha ɗaya a gida, me za ta zauna yi a nan? Ko sisi ba a mayar mana ba.

Maman Sadiq:
Allah sarki. Mu ma haka aka yi wa ƙanwata lokacin haihuwar Sadiq. Ni kaɗai na yi wankan jego, maigida ne ke dafa min ruwa kafin ya fita aiki.

Bazazzagi:
Samun ranar kai takardun ma ai sai ta hannun dillalai yanzu. Wani ya nemi naira dubu ɗari biyu a wajen yayana.

Injiniya Graz:
Abu Ammar, kun ɗaukaka ƙara? Takardar hanin na ɗauke da wa'adin yin haka.

Abu Ammar:
Hajiya ta ce a bari, ta gaji da hawa mota. Yanzu ta waya take ganin yaron, tana kiransa da sunan mijinta marigayi.

Baban Ilham:
Allah ya sada ku da alheri, Abu Ammar, ya kawo Hajiya lafiya. Na gode kowa da kowa. Maman Ilham ta karanta, ta ce Lubliyana, ta kuma ce a gaya wa Bakatsine ta ji zancen matakala. Saura jirgi ko bas. Na ga jirgin da ke tashi daga tashar Déli ta Budapest ya haura awa bakwai, bas wajen shida. Akwai wanda ya yi wannan tafiyar da ƙaramin yaro?

Abu Ammar:
Injiniya, in an ɗaukaka ƙarar sai ta sake zuwa Abuja da kanta?