Hurumin Teku Ko Gandun Teku?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin fassara. Tun da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare halittun tekun da ke wajen ikon kowace ƙasa, wadda aka amince da ita a watan Yunin 2023, ta fara aiki a Janairun 2026, muke ta cin karo da abin da Turawa ke kira marine protected area, wato yankin teku da aka keɓe don kare halittunsa, kuma a ɗakunan labarai na nan Abuja kowa da irin fassararsa. Shawarata ita ce mu tsaya a kan "hurumin teku".

Wata abokiyar aikina ta fi son "gandun teku", tana kwatanta shi da gandun dajin Yankari. Yana da daɗi a kunne, amma gandu yana da mai shi, yana da ma'aikatan da za su kama mafarauci su miƙa shi kotu. Ruwan da muke magana a kansa kuwa yana farawa ne bayan mil 200 daga gaɓa, inda dokar teku ta ƙasa da ƙasa ta 1982 ta iyakance haƙƙin kowace ƙasa kan arzikin ruwa, kuma duk da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tekun duniya, babu ƙasar da ta mallake shi. Hurumi fili ne da jama'a suka keɓe, suka yarda ba a noma shi, ba a gini a kansa. Haka ƙasashe suka yi a 2016 da suka keɓe fiye da murabba'in kilomita miliyan 1.5 a Tekun Ross, kusa da Antatika.

Dalilin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne ma'anar kalmar a bakin lauyoyi, kamar a ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. A nan ne matsalar take. Ganin jirgin da ya keta doka ya daina wahala, domin taurarin ɗan'adam suna karɓar saƙon na'urar AIS da manyan jiragen ruwa ke aikawa don nuna inda suke, ƙungiyar Global Fishing Watch tana wallafa zirga-zirgar jiragen kamun kifi tun 2016, kuma ko jirgi ya kashe na'urarsa, radar tauraron Sentinel-1 tana iya hango shi da dare ko ta cikin gajimare. Sai dai hoto ba ya kama mai laifi. A wannan ruwa, ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ce ke da hurumin hukunta shi, kuma wasu ƙasashen rajista kawai suke sayarwa, ba su bin sawu. Abin da ya rage shi ne tashar jiragen ruwa ta hana shi sauke kifinsa, kamar yadda wata yarjejeniya da ta fara aiki a 2016 ta tanada.

Lauyoyin da ke cikinmu, ina neman ra'ayinku: shin sai mun ƙara "na ƙasa da ƙasa" domin mu bambanta shi da wanda Nijeriya za ta iya keɓewa a cikin nata ruwan?