Lauya ya nemi dubu 150 kafin in buɗe shafin sayar da turare: in biya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da turaren wuta da humra daga Kano, ta Instagram da WhatsApp. Na yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tun 2022. Yanzu ƙanina zai haɗa mini shafin intanet inda mai saye za ta zaɓi kaya, ta rubuta lambarta da adireshi, ta biya nan take. Wani lauya ya ce kafin a buɗe a rubuta sharuɗɗan ciniki, da takardar da ke bayyana yadda zan adana bayanan mutane, a kuma yi wa sunana rajistar tambari, don akwai wata a Kaduna da ta fara amfani da suna irin nawa. Ya ce naira dubu 150, ban da kuɗin gwamnati. Wanda ya bi ta nan, ya cancanta?

Ɗan Kwari: Hajiya ki fara zuwa CAC ki yi rajista. Idan kina da ita ba mai taɓa ki.

Maman Ilham: Alhaji ai na faɗa a sama, na yi.

Ummu Sudais: Dubu 150? Ni dubu 40 na biya aka rubuta mini komai.

Sani Waya: Dubu 40 ta yaya? Wani ya ce mini tambari kaɗai dubu 250 ne a Abuja. Naki dai kwafowa aka yi daga shafin wasu, aka canja suna.

Aliyu Zariya: Rajistar CAC daban, rajistar tambari daban. CAC tana hana wani yin rajista da sunanki ne kawai a wurinta. Ofishin tambari yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, kuma rukuni-rukuni ake yi. Turare yana rukuni na 3. Batun lambobin waya da adireshi kuma, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, hukumar NDPC ke kula da ita. Wanda ya ba ki lambarsa don ki kai masa kaya bai ba ki izinin zuba shi a zauren talla ko miƙa wa wani ba.

Anti Balki: Maman Ilham, ki saurare ni, ni na ga uwar bari. Atamfa da leshi nake sayarwa. Wata ta yi odar leshi uku, ta turo alat, na ba yaro ya kai mata. Da yamma na duba asusu, wayam. Na kira, ta ce matsalar banki ce. Daga baya ta toshe lambata. Sai na ɗauki hotonta da lambarta da hirarmu na saka a shafina, na rubuta "a kiyayi wannan macuciya". Wa zai ce ban da gaskiya? Kayana fa ta ci. Ba a rufa mako ba aka kira ni ofishin 'yan sanda: mijinta ya shigar da koke, wai na ci zarafinta a intanet, sashe na 24 na dokar laifukan intanet. Ni da aka cuta, ni na wuni a kan benci, har sai da yayana ya zo ya tsaya mini. Ƙarshe aka ce a sasanta: na goge rubutu, na rubuta ban haƙuri a shafin da na gina da gumina. Kuɗin leshi har yau. Lauyan da na ɗauka daga baya ya ci fiye da kuɗin leshin, kuma ya ce da na zo da farko wasiƙa ɗaya zai aika mata, mu ne za mu kai ƙara.

Ummu Sudais: Innalillahi. Allah ya isar miki Anti.

Ɗan Kwari: Shi ya sa ni sai na ga kuɗi sun zauna a asusu kafin kaya su bar rumfa. Wannan ba sai da lauya ba.

Aliyu Zariya: An yi wa sashen nan gyara a 2024, an rage faɗinsa, amma har yanzu ana kai koke da shi. Kuma Alhaji, wannan "ba a dawo da kaya bayan an saya" da kuke bugawa a rasit, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta sha faɗa cewa bai hana mai saye haƙƙinsa idan kaya na da aibi.

Ɗan Kwari: Kai yaro, lauya ne kai ko ɗalibi? Tun kana goye nake Kwari.

Aliyu Zariya: Na gama digiri, ina jiran makarantar lauyoyi.

Sani Waya: Ashe rabin lauya ne. To Maman Ilham ki ba shi rabin kuɗi, dubu 75, ya rubuta miki rabin sharuɗɗa.

Anti Balki: Ku bar shi, da na samu ko rabin ne a lokacin da ban wuni a benci ba.

Hauwa Jos: Ba wanda ya yi maganar NAFDAC. Humra ana shafa ta a jiki, ki tambaya ko tana buƙatar lamba kafin ki baza ta a shafi kowa ya gani.

Maman Ilham: Wannan ma lauyan bai ambata ba. To in biya shi ko in nemi wani?

Ummu Sudais: Ni abin da nake so lauyoyin su gaya mana, idan direba ya ɓatar da saƙo a tasha, wa zai biya? Na aika kaya Gombe, kwalba huɗu suka fashe, direba ya ce shi bai san me ke cikin kwali ba.

Ɗan Kwari: Kin karɓi takarda a wurin 'yan kamasho?

Ummu Sudais: Wace takarda? Lambar direba kawai suka ba ni, ita ma a kashe.

Sani Waya: Ni na Yola ne suka ninka mini kuɗin saƙo, wai mai ya tashi. Wa ya san direba mai amana a layin Yola?