Wane suna za mu ba "flame scallop" a Hausa?

Bashir, Gwarinpa: Salamu alaikum. Ana haɗa jagorar Hausa ta masu tankin ruwan gishiri, an zo kan "flame scallop" an tsaya cak. Halittar nan ce mai ɓawo biyu, cikinta ja wur, da geza tana kaɗawa a bakin ɓawon. Wasu sun fara kiranta katantanwar wuta. A bar shi haka, ko akwai wanda ya fi?

Malam Iliya, Rayfield: Wa alaikumus salam. Katantanwa kam a cire ta tun yanzu. Ɓawo ɗaya gare ta, a murɗe, kuma duk mai tankin da ya ji sunan zai ɗauka dodon koɗin nan ne da ke bin gilashi yana cin gansakuka. Zai saya ya jefa, ya ce ai za ta nemi abincinta. Wannan kuwa ba ta kiwo ko kaɗan, ruwa take zuƙa ta tace ƙwayoyin da ido ba ya gani. Hausa na da sunan mai ɓawo biyu: makankari, wanda ake tsinta a bakin kogi a kankare tukunya da ɓawonsa. Sunan kimiyyarta Ctenoides scaber, a da Lima scabra, wato magagari mai kaushi a Latin, don haka ɓawon yake in ka shafa. Danginta Limidae ne, ba ta ma cikin Pectinidae, ainihin masu sunan "scallop" da Turawa suka ara mata. Daga tekun Karibiyan da gaɓar Fulorida ake kamo ta, girmanta kamar santimita 7.

Hajiya Rabi, Wuse 2: Na yarda da makankari, Malam. Ni "wuta" ce ba ta kwanta mini ba. A garin nan in ka ce wuta, lantarki mutane ke ji. Akwai manyan masu ɓawo biyu irin Tridacna da haske ke ciyar da su, saboda gansakukar da ke zaune cikin naman jikinsu. Wannan ba shi da ita, ko fitila nawa ka kunna masa ba zai ƙoshi ba, guje mata ma yake yi ya shige ƙarƙashin dutse. Jansa daga sinadarin karotinoyid ne, dangin wanda ke ba karas launi. Sannan akwai ɗan'uwansa Ctenoides ales na tekun Indonesiya da Filifin, mai wani farin layi da ke ƙyalƙyali a leɓensa. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna ba lantarki ba ne, ƙananan ƙwayoyin silika ne ke mayar da hasken waje yayin da leɓen ke naɗewa yana buɗewa. Shawarata: na farko jan makankari, na biyu makankari mai walƙiya.

Aminu, Kubwa: Hajiya, makankarin da muka sani na ruwan daɗi ne. Kada wani ya sa shi tankin tarwaɗa. A ƙara "na teku". A wasu garuruwa ƙumba ake ce wa ɓawon, amma wannan zai rikice da farce.

Malam Iliya, Rayfield: Gaskiyarka, Aminu. Jan makankarin teku a kanun magana, jan makankari a cikin bayani. Amma Malam Bashir, layin da zai bi sunan a jagorar ya zama na abinci, don yunwa ce ke kashe mafi yawansu a tanki, galibi cikin 'yan watanni. Kuma a hankali take kashewa, mai shi na kallonsa ja gwanin sha'awa alhali yana cin jikinsa ne.

Abincinsa fitofilankton ne, mu ce ƙwayoyin gansakukar teku. Girman ƙwayar shi ne magana. Ga nau'o'insu: Nannochloropsis maikuron 2 zuwa 4 ne (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), Isochrysis 4 zuwa 6, Tetraselmis ya kai 10 ko ya ɗan haura. A haɗa su ya fi a dogara da ɗaya, musamman Nannochloropsis da fatarsa ke da tauri wajen narkewa. Garin abincin kifi ko niƙaƙƙen jatan lande kuwa kamar a ba jariri tuwo ne: zai dunƙule shi da majina ya tofar, ƙarfinsa ya tafi a banza, ruwa kuma ya ɓaci.

Yadda ake ba shi: a kashe sikima, wato na'urar da ke kwashe datti daga ruwa ta hanyar kumfa, a cire audugar tata, a bar famfon da ke juya ruwa yana aiki. A ɗebi ƙwayoyin a sirinji, a sirka da ruwan tankin, a saki a hankali ta inda ruwa ke gangarowa zuwa gare shi. Kada a fesa masa a baki, zai rufe ɓawo ne kawai. Bayan minti 30 zuwa 60 a mayar da sikima. Kullum ake yi, kaɗan-kaɗan, ba a tara na mako a zuba rana ɗaya ba. In naitiret da fosfet, sinadaran da ragowar abinci da kashi ke bari a ruwa, suka fara hawa, ko gilashi na yin kore da wuri, an wuce gona da iri, a rage. Tankin da bai kai wata 6 ba kada ma a fara.

Hajiya Rabi, Wuse 2: Fitofilankton na kwalba yana da tsada, ga shi sai firij, a riƙa girgizawa kullum. Noma shi a gida ba wuya: gora mai tsabta, ruwan gishiri mai nauyin 1.019 (in an gwada da ruwa zalla, wanda nasa 1.000 ne), takin F/2 da ake noman gansakuka da shi, bututun iska ba tare da dutsen kumfa ba, fitila awa 16 a rana. Cikin kwana 7 zuwa 10 ya yi kore shar, a kwashe rabi a cika da sabon ruwa. In ya koma rawaya ko yana wari, ya mutu, a zubar.

Aminu, Kubwa: Ma'aunan ruwa fa? A rubuta su: zafi digiri 24 zuwa 26, nauyin gishiri 1.023 zuwa 1.025, pH 8.1 zuwa 8.4, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita saboda ɓawo. A Abuja watan Maris da Afrilu ruwa kan wuce 30 in babu na'urar sanyaya ruwa ko fanka a saman tanki, kuma in an ɗauke wuta iskar ruwa ce ke fara ƙarewa, sai da famfon iska mai batir. Ku na Jos hita ce taku da hunturu. Hunturun kuma yana shanye ruwa ya bar gishiri, don haka da ruwan RO zalla, wanda na'ura ta tace gishiri da sinadarai daga cikinsa, ake cikawa, ba ruwan gishiri ba, ba na burtsatse kai tsaye ba. Maganin kifi mai sinadarin tagulla kuwa, ko ɗigo kada ya shiga.

Bashir, Gwarinpa: Allah ya ƙara sani. Na rubuta jan makankarin teku da makankari mai walƙiya. Sauran alamar yunwa da maƙwabtan da ba ya zama da su.

Malam Iliya, Rayfield: Mai lafiya gezarsa a miƙe take, kuma in inuwar hannu ta gifta sai ya rufe nan take. In jan ya koɗe, naman ya janye can ciki, ɓawo ya wangale ba ya rufuwa, ya yi nisa. Wanda ya mutu a cire shi da gaggawa kafin amoniya ta tashi. Kifin talibamban na teku, tirigafish (wani kifin teku mai haƙoran fasa ɓawo), manyan ƙaguwa da wasu taurarin teku duk cinye shi suke. Ranar da aka kawo shi, a ɗiga masa ruwan tanki cikin bokiti, ɗigo 2 zuwa 4 a daƙiƙa, na awa ɗaya ko biyu. Zai tafa ɓawonsa ya yi iyo ya zaɓi lungun da yake so, ya ɗaure kansa da wasu zaruruwa a jikin dutse. Ko da bayan dutse ya zaɓa inda ba a ganinsa, kada a fizgo shi, tsinka zaren na iya yaga naman da ke fitar da shi. In dole sai an matsar, a ɗauke shi tare da dutsen.