Robar takalmin AFO tana yin siriri a diddige, na rasa mafita

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a aji huɗu, ina karatun ƙera gaɓoɓin roba da na'urorin tallafa wa gaɓoɓi, kuma aikin da aka ba ni ya cije. An ce in haɗa takalmin AFO, mai riƙe idon sawu, don wani yaro da shan inna ya sa yake jan ƙafa.

Farantin robar folifirofilin nake amfani da shi, mai kaurin milimita 4. Ina gasa shi a digiri 190 har ya yi garau kamar gilashi. Da na ɗora shi a kan gunkin filasta mai siffar ƙafar yaron na kunna injin zuƙe iska, sai bayan diddige ya yi siriri, na auna bai kai milimita 2 ba, gefen idon sawu kuma ya tattare. Nan ne kuwa ake buƙatar ƙarfi, ba zan sa wa yaro abin da zai tsage yana cikin tafiya ba.

Na busar da gunkin sosai, na sa masa safar nailan. Na rage zafi zuwa 175, sai robar ta ƙi kama siffa. Na samu abokin karatu ya riƙe ɗaya gefen don kada a ja ta da yawa, tattarewar ta ragu amma sirantar tana nan. Obin ɗinmu, wato na'urar da muke gasa robar a ciki, ba shi da fanka, gefe ɗaya yana riga ɗaya laushi. Ga robar da tsada, farantin da ya rage mini kaɗan ne.

Don Allah masu wannan sana'a, yaya kuke ɗora farantin a kan gunki har diddige ya riƙe kaurinsa?