Wa ya fita kallon tsuntsaye a ƙarshen hunturun nan?

Mai buɗe zance, Nguru: Salamu alaikum jama'a. Hazo ya fara janyewa, baƙin tsuntsayen da ke yi mana hunturu daga Turai kuma sun soma haramar komawa, kafin Maris ya ƙare yawancinsu sun tafi. Duk wanda ya fita ya ba mu labari. Ni dai bayan sallar asuba na shiga kwalekwale a tafkin Nguru. Kirinjijiya garke-garke, tun kafin ka gan su kana jin fitonsu, ga dinya, ga zalɓe tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi. Sai dai ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, mai kwalekwalen ya sha kewaye kafin mu fita sarari.

Malamin makaranta, Gashuwa: Wa alaikumus salam. Mu Dagona, wurin da aka keɓe don kare tsuntsayen ruwa, muka je da ɗalibaina. Yanzu ne lokacinta, domin ruwa ya ja baya, tsuntsayen duk sun taru a ɗan abin da ya rage. Akwai wata ƙaramar agwagwar Turai da na fi so a nuna wa yara a watan nan: namijin ya riga ya sake gashi, farin layi ya fito masa daga saman ido har ƙeya, macen kuwa tana nan ruwan ƙasa abinta. A Nuwamba da kyar kake bambanta su. Wani dattijo a wurin ya ba yaran labarin zuwan Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, a 1989. Wurin yana ƙarƙashin gandun dajin Tafkin Chadi, don haka a fara neman izinin ma'aikata kafin a shiga.

Manomin rani, Hadeja: Malam, ku kuna kallo, mu muna kora! Tsuntsun jan baki ya hana mu sakat. Cikin kachalar nan da ɗan'uwa ya ambata yake kwana, gari na wayewa ya sauko wa shinkafa da alkama. Yarana tun safe suna bakin gona da gwangwani da majajjawa. Iyayenmu sun san ambaliya ta zo ta wuce, ƙasa ta bushe. Tun da aka yi madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, wasu hanyoyin ruwan ba sa ƙafewa duk shekara, kachala ta samu wurin zama. Kowa ya zo ganin agwagi, don Allah ya leƙo gonakinmu ma.

Malamin makaranta, Gashuwa: Gaskiyarka, Alhaji. Allah ya tsare amfanin.

Ɗaliba, Jos: Namu ba na ruwa ba ne. Dajin Amurum muka shiga, kusa da Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye take. Burina in ga ɗan jan tsuntsun nan na cikin duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban, kuma Allah ya nufa na gan shi yana tsince-tsince a gindin dutse. Bai kai babban yatsa biyu ba. Sanyin safiyar Jos har yanzu da sauransa, a tafi da rigar sanyi.

Direba, Bauchi: Na kai baƙi Yankari. Ciyawa ta bushe, dabbobi na gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Mun ga gwanki da ɓauna da mugun dawa. Giwa kam sawunta da kashinta kawai muka samu. Mai zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ya riƙe ledar abincinsa da kyau saboda birai.

Hajiya, Maraɗi: 'Ya'yana, ni ba na zuwa ko'ina, daga tsakar gida nake nawa kallon. Shamuwa ba ta iso ba tukuna, sai an kusa damina, tsohuwar sheƙarta na nan kan tsamiyar unguwarmu. Abin da nake son tambaya shi ne ungulu. Da muna yara ba ka wuce mahauta ba ka gan su jibge ba, yanzu an daɗe ban sa su a ido ba. Ku can wajenku akwai?

Mai buɗe zance, Nguru: Hajiya, nan ma sun yi ƙaranci ƙwarai. Masu kama su suna sayar wa 'yan magani sun yi musu illa, ga guba da ake sa wa mushe. Gauraka ma bana ban ji kukanta ba. Malam na Gashuwa, ko kun gan ta a Dagona?